Tarihin Ilimin Cututtukan Gaɓoɓi: Yadda Likitoci Suka Koyi Rarrabe Amosani da Koyar da Shi

Ciwon gaɓoɓi yana cikin cututtukan da ɗan Adam ya fi daɗewa da saninsu, domin masu binciken kayan tarihi sun ga alamunsa a ƙasusuwan mutanen da suka rayu dubban shekaru da suka wuce, amma fannin likitancin da ya keɓanta da shi, wanda ake kira rumatoloji, bai tsaya da ƙafarsa ba sai a ƙarni na 20. Fannin ya ƙunshi cututtuka fiye da 100 da ke taɓa gaɓoɓi da ƙashi da tsoka da jijiyoyin da ke ɗaure su, kuma da yawa daga cikinsu suna wuce gaɓa su kai ga zuciya da ƙoda da huhu da fata da ido. Abin da ya haɗa mafi yawansu shi ne kumburi, wato martanin da jiki ke mayarwa idan ya ji rauni ko ya haɗu da ƙwayar cuta, wanda tun a ƙarni na farko marubucin Rum mai suna Celsus ya siffanta shi da alamu huɗu: ja da zafi da kumbura da raɗaɗi. Tarihin wannan fanni tarihi ne na rarrabewa, domin kusan duk maganin da aka samu ya biyo bayan lokacin da wani likita ya lura cewa abin da ake kira da suna ɗaya cututtuka ne daban-daban, sannan ya samo hanyar koya wa ɗalibansa su ga bambancin da ya gani.

Zamanin da ake ganin ciwon ɗaya ne

Likitocin Girka na dā sun gina fahimtarsu a kan ra'ayin cewa jiki yana ɗauke da ruwaye huɗu, wato jini da majina da safara da sauda, kuma lafiya tana samuwa ne idan sun daidaita. A ganinsu ciwon gaɓa yana faruwa idan wani gurɓataccen ruwa ya kwararo daga wani sashe na jiki ya taru a cikin gaɓa, kuma daga kalmarsu mai nufin kwarara aka samo sunan rumatizim. Duk da kuskuren wannan ra'ayi, idonsu na lura yana da kaifi. Littattafan da ake dangantawa da Hipokiratis, wanda malaman Larabawa ke kira Buƙraɗ, sun bayyana tun a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, cewa ciwon gawut ba ya yawan kama yaro kafin ya balaga, kuma ba ya yawan kama mace kafin jinin al'adarta ya ɗauke, abin da binciken zamani ya tabbatar. Gawut ciwo ne da ke tasowa farat ɗaya, sau da yawa cikin dare, ya kama babban ɗan yatsan ƙafa da raɗaɗi mai tsanani, ya lafa bayan kwanaki, sannan ya dawo.

Likitocin daular Musulunci sun gaji wannan ilimi, suka tsara shi, suka ƙara masa abin da suka gani a asibitocinsu. Abubakar ar-Razi, wanda ya rasu wajen shekarar 925, ya rubuta risala ta musamman a kan gawut, wanda Larabawa ke kira niƙris, shi kuma Ibnu Sina, wanda ya rayu daga 980 zuwa 1037, ya ware babi a cikin Alƙanun fid Ɗibbi inda ya bambanta ciwon gaɓoɓi na gama-gari da niƙris da kuma ciwon jijiyar da ke saukowa daga kwankwaso zuwa ƙafa. Sun yi amfani da wani tsiro da suke kira suranjan, wanda likitan Rumawa Alexander na Tralles ya riga ya ba masu gawut a ƙarni na 6, kuma daga dangin wannan tsiro ne ake samun kolcisin, maganin da har yau ake ba mai gawut idan ciwon ya tashi. An fassara littafin Ibnu Sina zuwa Latin, aka ci gaba da karantar da shi a wasu jami'o'in Turai har cikin ƙarni na 17. Sai dai karatun likita a waɗannan jami'o'i ya fi karkata ga haddar littafi da sharhinsa, ɗalibi yana iya kammalawa bai taɓa gwiwar majinyaci da hannunsa ba, saboda haka aka daɗe ana kiran kusan kowane ciwon gaɓa da sunan gawut.

Komawa gefen gadon majinyaci

Sauyin farko ya zo ne daga likitocin da suka fifita abin da ido ya gani a kan abin da littafi ya faɗa. Guillaume de Baillou na Faris, wanda aka buga littafinsa a 1642 bayan rasuwarsa, ya yi amfani da sunan rumatizim ga wani ciwo da ke game jiki da zazzaɓi, ya raba shi da gawut. Thomas Sydenham na Landan, wanda shi kansa ya sha fama da gawut shekaru masu yawa, ya wallafa bayaninsa a 1683 dalla-dalla, ya kuma siffanta wani ciwo dabam da ke kama matasa da zazzaɓi, yana tashi daga wannan gaɓa ya koma waccan. A 1686 ya bayyana wata cutar fizge-fizgen hannu da ƙafa da fuska a jikin yara, wadda daga baya aka gane reshe ce ta wannan zazzaɓi. A farkon ƙarni na 18 Herman Boerhaave ya mayar da koyarwa a gefen gadon majinyaci ginshiƙin karatun likita a Leiden ta ƙasar Holan, ɗalibansa kuma suka yaɗa wannan tsari zuwa Edinbara da Biyana. A garin Bath na Ingila, inda masu ciwon gaɓa ke zuwa wanka a maɓuɓɓugar ruwan zafi, an buɗe asibiti a 1742 wanda ya tara irin waɗannan majinyata wuri guda, abin da ya ba likitoci damar kwatanta ɗaruruwansu.

A shekarar 1800 wani matashin likita mai suna Augustin Jacob Landré-Beauvais ya gabatar da kundin kammala karatunsa a kan mata 9 da ya duba a asibitin Salpêtrière na Faris. Ya lura cewa ciwonsu ya saɓa wa gawut ta fuskoki da dama: gawut ya fi kama maza masu wadata da ƙiba, wannan kuwa ya fi kama mata talakawa masu raunin jiki, yana kama gaɓoɓi da yawa lokaci guda, ba ya lafawa ya dawo kamar gawut, a hankali yake lanƙwasa yatsu har su nakasa. Wannan shi ne bayani na farko da masana suka yarda da shi a kan cutar da yau ake kira amosanin rumatoyid. Shekara biyu bayan haka aka buga littafin William Heberden, wanda ya siffanta ƙananan ƙulle-ƙulle masu tauri da ke fitowa a gaɓar ƙarshe ta yatsun tsofaffi, ya ce ba su da alaƙa da gawut. Waɗannan ƙulle-ƙulle alama ce ta amosanin zaizaya, wato lalacewar guringuntsin da ke lulluɓe bakin ƙashi saboda shekaru ko ƙiba ko aikin ƙarfi ko tsohon rauni.

Ilimin sinadarai ne ya yanke hukunci a kan gawut. Carl Wilhelm Scheele na Suwidin ya gano sinadarin yurik a cikin tsakuwar mafitsara a 1776, William Hyde Wollaston kuma ya nuna a 1797 cewa farin abu mai kama da alli da ke taruwa a gaɓoɓin masu gawut daga wannan sinadari yake. A 1848 Alfred Baring Garrod na Landan ya tabbatar cewa sinadarin yana da yawa a jinin masu gawut, ba haka yake ba a jinin masu sauran ciwon gaɓa, daga baya kuma ya ƙirƙiro gwajin da ake tsoma zare a ruwan jinin majinyaci a bar shi har ƙanƙarar sinadarin ta manne a jikinsa. Wannan yana cikin gwaje-gwajen jini na farko a tarihin likitanci. Garrod ne ya raɗa wa amosanin rumatoyid sunansa a littafinsa na 1859. Kafin ƙarnin ya ƙare, George Frederic Still ya bayyana amosanin yara a 1897, likitoci uku kuma, Bechterew a Rasha da Strümpell a Jamus da Marie a Faransa, suka siffanta amosanin da ke sandarar da ƙashin bayan samari tsakanin 1893 da 1898. Hoton ƙashi, wanda Röntgen ya gano a 1895, ya ba likitoci damar ganin bambanci tsakanin gaɓar da kumburi ya cinye bakinta da wadda zaizaya ta matse.

Zazzaɓin da ke lalata zuciya

Babu reshen wannan tarihi da ya fi nuna amfanin rarrabewa kamar zazzaɓin rumatik, wato ciwon matasan da Sydenham ya siffanta. David Pitcairn ya koya wa ɗalibansa a Landan a 1788 cewa masu wannan ciwo sukan kamu da ciwon zuciya, William Charles Wells kuma ya wallafa hujjojin haka a 1812. Bayan Laennec ya ƙirƙiro abin sauraren ƙirji a 1816, Jean-Baptiste Bouillaud ya yi amfani da shi ya nuna a shekarun 1830 cewa taɓuwar zuciya ita ce abin da aka fi gani a wannan zazzaɓi idan ya yi tsanani. Kumburin gaɓar yakan wuce ba tare da barin tabo ba, amma kumburin da ya kama ƙofofin zuciya, wato 'yan marafan da ke hana jini komawa baya, yakan bar su a ƙanƙance ko suna yoyo har ƙarshen rayuwa.

Sanadin ciwon bai bayyana ba sai a farkon shekarun 1930, lokacin da Alvin Coburn a Amurka da William Collis a Ingila suka danganta shi da ciwon maƙogwaro da ƙwayar cutar sitireptokokas ke haddasawa. Makonni biyu zuwa uku bayan ciwon maƙogwaron, garkuwar jikin wasu yara takan ruɗe, ta far wa gaɓoɓi da zuciya saboda wasu sassansu sun yi kama da jikin ƙwayar cutar. Tun da babu gwaji ɗaya da ke tabbatar da cutar, T. Duckett Jones na Boston ya tsara ma'aunai a 1944, ya kasa alamu zuwa manya da ƙanana, ya ƙayyade adadin da za su haɗu kafin likita ya yanke hukunci. Wannan tsari ya zama abin koyi ga duk fannin, domin ya mayar da gwanintar da ke kan ƙwararre ɗaya ta zama abin da za a rubuta a allo a koyar. A 1950 binciken da aka yi a kan sojojin sama a jihar Wyoming ta Amurka ya nuna cewa allurar fenisilin ga mai ciwon maƙogwaro tana hana zazzaɓin tasowa. Da wannan magani da kuma raguwar cunkoso a gidaje cutar ta kusa ɓacewa a ƙasashe masu arziki, alhali fiye da mutum miliyan 40 a duniya suna rayuwa da zuciyar da ta lalata, mafi yawansu a Afirka da kudancin Asiya da tsibiran tekun Fasifik. An sabunta ma'aunan Jones a 2015 aka sassauta su ga al'ummomin da cutar ta yi wa yawa, aka kuma shigar da hoton zuciya na na'ura, sannan a 2018 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙuduri a kan yaƙi da ita.

Ɗakin gwaji da kafuwar fanni

Rabin farko na ƙarni na 20 ya kawo gwaje-gwajen da ɗaliban likitanci ke koya har yau. Alf Westergren ya daidaita hanyar auna saurin kwanciyar jajayen ƙwayoyin jini a cikin bututu a 1921, wanda ke ƙaruwa idan akwai kumburi a jiki, a 1930 kuma aka gano wani furotin da hanta ke fitarwa da yawa a lokacin kumburi. Erik Waaler na Oslo ya wallafa a 1940 cewa jinin masu amosanin rumatoyid yana ɗauke da wani sinadarin garkuwa da ke far wa ɗan uwansa, Harry Rose na New York ya sake gano shi a 1948, aka sa masa suna sinadarin rumatoyid. A wannan shekara ta 1948 Malcolm Hargraves ya ga wata ƙwayar jini ta musamman a ɓargon masu lufus, cutar da ta fi kama mata masu shekarun haihuwa, take taɓa fata da gaɓoɓi da ƙoda da jini, wadda Moritz Kaposi ya nuna tun 1872 cewa ba ta tsaya a fata ba. Waɗannan bincike ne suka kafa fahimtar cewa akwai rukunin cututtuka da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi mai ita. A 1961 Daniel McCarty da Joseph Hollander suka nuna cewa idan aka zuƙo ruwan gaɓa aka duba shi a madubin ƙara girma mai tace haske, ana ganin ƙanƙarar yurik kamar allurai, wanda ya zama tabbataccen gwajin gawut. A 1973 aka gano alaƙar amosanin ƙashin baya da wata alamar gado da ake kira HLA-B27, a ƙarshen shekarun 1990 kuma masu bincike a Nijmegen ta Holan suka samar da gwajin anti-CCP, wanda ya fi sinadarin rumatoyid keɓanta da cutar.

A daidai wannan lokaci fannin ya samu ƙungiyoyi da littattafai da kujerun koyarwa. Likitan Holan Jan van Breemen ya jagoranci kafa ƙungiyar duniya ta yaƙi da rumatizim a shekarun 1920, ta nahiyar Amurka ta biyo baya a 1944, ta Turai a 1947, ta Afirka kuma a 1989. Bernard Comroe na Philadelphia ya wallafa babban littafin koyarwa a 1940, Hollander ya ci gaba da sabunta shi bayan rasuwarsa, Jonas Kellgren kuma ya zama farfesan wannan fanni a Manchester a 1953, inda shi da John Lawrence suka tsara matakan auna zaizayar gaɓa a hoton ƙashi a 1957. Ma'aunan gane amosanin rumatoyid sun fito a Amurka a tsakiyar shekarun 1950, aka sabunta su a 1987, aka sake su a 2010 da haɗin gwiwar Turai, inda aka cire dogaro ga nakasar da ta riga ta bayyana aka koma ga maki, ta yadda wanda ya samu 6 cikin 10 za a lissafa shi cikin masu cutar tun gaɓoɓinsa ba su lalace ba.

Magunguna da darussan da suka koyar

Maganin zamani na farko ya fito ne daga ɓawon bishiyar wilo, wanda wani limamin coci a Ingila, Edward Stone, ya ba da rahoton amfaninsa ga zazzaɓi a 1763. Thomas Maclagan na Dundee ya yi amfani da sinadarinsa ga zazzaɓin rumatik a 1876, Felix Hoffmann na kamfanin Bayer ya haɗa asfirin a 1897, amma sai a 1971 John Vane ya bayyana yadda yake aiki, wato yana toshe samar da sinadaran da ke hura kumburi, waɗanda kuma su ne ke kare bangon ciki, dalilin da ya sa wannan rukuni na magunguna ke jawo gyambon ciki. A 1929 Jacques Forestier na Faransa ya fara yi wa masu amosanin rumatoyid allurar gishirin zinariya bisa zaton cewa cutar dangin tarin fuka ce, zaton ya zama kuskure amma maganin ya yi aiki ga wasu. Magungunan zazzaɓin cizon sauro ma sun shigo ta hanyar lura, domin an ga masu lufus da amosani suna samun sauƙi idan sun sha su, kuma daga cikinsu haidiroksikulorokwin ya zama ginshiƙin maganin lufus. Gawut ya samu maganin da ke rage samar da sinadarin yurik, wato alofurinol, daga aikin Gertrude Elion da George Hitchings, aka amince da shi a 1966.

Babban labari shi ne na kotizon. Philip Hench na asibitin Mayo a Amurka ya lura tun 1929 cewa amosanin rumatoyid yakan lafa idan majinyaci ya kamu da shawara, daga baya ya ga haka a jikin mata masu juna biyu, sai ya yi hasashen cewa jiki yana da wani sinadari nasa da ke kashe kumburi. Abokin aikinsa Edward Kendall ya riga ya tace sinadarai daga wata 'yar halitta da ke zaune a saman ƙoda, kuma a ranar 21 ga Satumba 1948 aka yi wa wata mata mai shekara 29, wadda ciwon ya kwantar, allurar ɗaya daga cikinsu, wato kotizon. Cikin 'yan kwanaki ta miƙe tana tafiya. A 1950 Hench da Kendall da Tadeus Reichstein na Suwizalan suka karɓi lambar Nobel. Ba a daɗe ba illolin maganin suka bayyana ga waɗanda suka daɗe suna shan sa da yawa: kumburin fuska, hawan jini, ciwon sukari, rubewar ƙashi, yanar ido, raunin garkuwa, da haɗarin mutuwa idan aka daina shi farat ɗaya. Gwajin da aka yi a Birtaniya a tsakiyar shekarun 1950 ya nuna cewa bayan lokaci mai tsawo bai fi asfirin wani abin kirki ba ga masu sabon ciwo. Daga nan fannin ya koyi darasin da yake nanata wa kowane ɗalibi, cewa kashe raɗaɗi dabam, tsayar da cuta dabam, kuma kotizon magani ne da ake bayarwa kaɗan, na ɗan lokaci, ƙarƙashin kulawa.

Tsoron illa ya sa likitoci suka bi tsarin hawa-hawa na shekaru da dama, suna farawa da hutu da asfirin, ba sa kaiwa ga magunguna masu ƙarfi sai bayan shekaru. Bincike ya nuna cewa ɓarnar gaɓa tana farawa ne a shekara biyun farko kuma ba ta gyaruwa, sai a 1989 Kenneth Wilske da Louis Healey suka yi kira da a juya tsarin a fara da magani mai ƙarfi da wuri. Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne metotirekzet, maganin sankara da aka gano cewa ƙaramin awonsa, sau ɗaya a mako, yana danne amosanin rumatoyid, aka amince da shi a Amurka a 1988. A 1992 Ravinder Maini da Marc Feldmann na cibiyar Kennedy a Landan suka gwada wani sinadarin garkuwa da aka ƙera don toshe TNF, ɗaya daga cikin manzannin da ke kunna kumburi, a jikin majinyata 20, sakamakon ya buɗe zamanin magungunan da ake samarwa daga ƙwayoyin halitta masu rai, na farko cikin masu toshe TNF ya shiga kasuwa a 1998. Suna da tsada ƙwarai, kuma suna iya tayar da tarin fuka da ke kwance a jiki, don haka wajibi ne a yi gwajinsa kafin a fara su. Lufus, wadda a shekarun 1950 take kashe kusan rabin masu ita cikin shekara huɗu zuwa biyar, yau fiye da kashi 90 cikin 100 na masu ita suna wuce shekara goma inda ake samun kulawa.

Koyar da hannu da kunne

Duk da yawan gwaje-gwaje, ganewa a wannan fanni ta ci gaba da dogara ga tambaya da dubawa, domin sinadarin rumatoyid yakan fito a jinin mai lafiya ko mai wata cuta dabam, yakan kuma ƙi fitowa a jinin mai amosanin. Ana koya wa ɗalibi ya tambayi tsawon lokacin da gaɓoɓi ke ɗauka a sandare da safe, domin wanda ya kai sa'a guda yana nuna kumburi, wanda ya saki cikin 'yan mintuna kuma yana nuna zaizaya. Ana koya masa ya ƙirga gaɓoɓin da suka kamu, ya duba ko ciwon ya kama dama da hagu daidai, ya nemi ƙuraje da zubewar gashi da gyambon baki da jan ido, ya auna fitsari, kuma ya ɗauki gaɓa ɗaya mai zafi da kumburi tare da zazzaɓi a matsayin mai ɗauke da ƙwayar cuta har sai an zuƙo ruwanta an tabbatar da akasin haka, saboda mugunya tana iya cinye gaɓa cikin kwanaki. Da aka lura cewa likitoci da yawa suna tsallake duba gaɓoɓi, Michael Doherty da abokan aikinsa a Birtaniya suka tsara gajeriyar hanya a 1992, wadda ta ƙunshi tambayoyi uku a kan ciwo ko sandarewa, da iya sa tufafi, da iya hawa matakala, sannan a duba tafiya da hannaye da ƙafafu da ƙashin baya cikin 'yan mintuna.

Afirka ta Yamma da aikin da ya rage

An daɗe ana koyar da cewa cututtukan da garkuwa ke yaƙar jiki ba su da yawa a Afirka ta Yamma. Brian Greenwood, wanda ya yi aiki a asibitin koyarwa na Ibadan, ya wallafa a 1968 da 1969 cewa ba kasafai ake ganinsu ba, kuma amosanin rumatoyid da ya gani bai kai na Turai tsanani ba, har ya yi hasashen cewa yawan zazzaɓin cizon sauro da sauran cututtuka irinsa yana sauya halin garkuwa. Bayan ya koma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, shi da Hilton Whittle da abokan aikinsu suka bayyana a 1973 kumburin gaɓa da ke biyo bayan sanƙarau a jikin wasu majinyata. Wani bincike da aka wallafa a 1993 bai samu mai amosanin rumatoyid ko ɗaya ba cikin mutane kimanin 2,000 a karkarar kudu maso yammacin Nijeriya. Amma da aka buɗe asibitocin wannan fanni, rahotannin da Farfesa Olufemi Adelowo da ɗalibansa suka fitar daga Legas suka nuna cewa lufus da amosanin rumatoyid da gawut suna nan, kuma majinyata suna isowa ne bayan shekaru, gaɓoɓi sun riga sun lanƙwashe ko ƙoda ta taɓu.

Likitan da ke aiki a ƙasar Hausa yana da ƙarin nauyi a kan abin da littattafan Turai suka tanada, domin ciwon ƙashi a jikin yaro yana iya zama sikila, ƙusumbin da ya taso da ciwon baya yana iya zama tarin fuka na ƙashi, gaɓar da ke yawo da zazzaɓi kuma tana iya zama farkon ciwon zuciya. Duk waɗannan a bakin jama'a sanyi ne ko amosani, kuma da yawa daga masu su suna fara neman sauƙi a kemis, inda ake haɗa musu ƙwayoyin kashe raɗaɗi da dangin kotizon, su yi watanni suna sha har illolin da aka gano tun shekarun 1950 su bayyana a jikinsu. Ƙwararrun wannan fanni a Nijeriya 'yan gommai ne ga al'ummar da ta haura miliyan 200, saboda haka mafi yawan masu ciwon gaɓa ba za su taɓa ganin ɗayansu ba. Abin da tarihin ya nuna shi ne cewa Sydenham da Landré-Beauvais da Jones sun cimma abin da suka cimma ne da kunne da ido da hannu, kayan aikin da kowane ƙaramin asibiti yake da su. Ya wajaba makarantun likitanci da na jinya da na ma'aikatan lafiyar al'umma su ba duba gaɓoɓi matsayin da suke ba sauraren ƙirji, hukumomi su tsaurara sayar da dangin kotizon ba tare da takardar likita ba, iyaye su kai yaro mai ciwon maƙogwaro da zazzaɓi asibiti, duk wanda gaɓoɓinsa suka kumbura suka wuce mako shida kuma ya nemi likita tun kafin yatsunsa su fara lanƙwashewa.